Launin fata a ƙofar jami'a: shekara 45 ana gardama a Amurka kan wanda ya cancanci gurbi

Ranar 29 ga Yunin 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wa jami'o'in ƙasar sanya launin fatar ɗalibi cikin abubuwan da suke aunawa wajen ba da gurbin karatu. Ƙararraki biyu aka haɗa: ɗaya kan Jami'ar Harvard, wadda ba ta gwamnati ba ce, ɗaya kuma kan Jami'ar North Carolina, mallakar jiha. A ta North Carolina alƙalai 6 suka goyi bayan hukuncin, 3 suka ƙi. A ta Harvard kuwa 6 da 2 aka tashi, domin Mai Shari'a Ketanji Brown Jackson ta janye jikinta saboda ta taɓa zama a ɗaya daga cikin majalisun da ke sa ido kan jami'ar. Alƙalin Alƙalai John Roberts ne ya rubuta hukuncin masu rinjaye, kuma jigon maganarsa shi ne: in za a kawar da wariyar launin fata, to a kawar da ita baki ɗaya, ko wa ta taɓa. Jackson ta mayar masa da cewa doka ta ce launin fata ba shi da tasiri ba zai hana shi yin tasiri a rayuwar mutane ba.

Wanda ya saba da JAMB zai yi mamakin yadda aka yi har magana ta kai nan. A wajenmu maki ne a gaba: ka kai abin da aka yanka ko ba ka kai ba. Manyan jami'o'in Amurka ba haka suke ɗaukar ɗalibai ba. Babu wani maki da in ka ci shi gurbi ya zama naka. Ana duba sakamakonka na sakandare, da makin jarrabawar SAT ko ACT, da wasiƙun malamanka, da rubutun da ka yi game da rayuwarka, da abin da kake yi bayan an tashi daga aji, wasa ne ko aikin gayya ko sana'a, wani lokaci har da hira da tsohon ɗalibin makarantar. A Harvard masu tantancewa suna ba kowane mai nema lamba daga 1 zuwa 6 a fannin karatu, da ayyukan wajen aji, da wasanni, da kuma abin da suke kira halayya, sannan lamba ɗaya ta gaba ɗaya. Dalilinsu shi ne masu ƙoƙarin sun fi ƙarfin guraben. Takardun shari'ar sun nuna cewa a shekara guda sama da ɗalibai 8,000 da ba su da ko tabo a sakamakonsu na sakandare sun nemi shiga, alhali waɗanda ake ɗauka ba su wuce kimanin 2,000 ba. A 2023 masu nema sun haura 56,000, waɗanda suka samu ba su kai 4 cikin 100 ba. To a cikin wannan cunkoso ne launin fata yake zama ɗan ƙarin nauyi da ke iya rinjayar da ma'auni, in an rasa na zaɓa tsakanin gwani da gwani.

Ruwa ba ya tsami banza. An soke bauta a Amurka a 1865, kuma a 1868 aka yi wa kundin tsarin mulki kwaskwarima ta 14 wadda ta ce doka za ta kare kowa daidai wa daida. Duk da haka jihohin kudu sun ƙara kusan shekara ɗari suna raba makarantar fari da ta baƙi bisa doka. Sai a 1954 Kotun Ƙoli ta rusa wannan rabo a shari'ar Brown. Jami'ar North Carolina ɗin nan da aka kai ƙara ba ta karɓi baƙar fata a karatun digirin farko ba sai a 1955, shi ma da umarnin kotu. A 1962 sai da gwamnatin tarayya ta tura dakaru kafin James Meredith ya samu shiga Jami'ar Mississippi, har aka rasa rayuka biyu a tarzomar. A 1963 Gwamna George Wallace da kansa ya tsaya a bakin ƙofar Jami'ar Alabama don hana baƙaƙen ɗalibai biyu yin rajista. Wasu daga cikin waɗanda suka ga wannan da idonsu suna raye har yau, jikokinsu ne ke cike fom.

A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya yi jawabi a Jami'ar Howard, ta baƙar fata da ke Washington, inda ya ba da misalin da har gobe ake maimaitawa: ba ka ɗaukar mutumin da ya yi shekara da shekaru ɗaure da mari, ka kwance shi, ka kai shi layin tsere ka ce ya kara da kowa, sannan ka ce ka yi adalci. Wannan shi ne asalin tunanin tsarin ba wa baƙar fata da sauran tsiraru fifiko wajen neman gurbi. Biyan bashi ne, gyaran ɓarna da gwamnati ta yi da hannunta. Kuma ɓarnar ba ta tsaya a aji ba. Tun shekarun 1930 hukumomin tarayya suka riƙa shata unguwannin baƙar fata a taswira a matsayin wuraren da ba a ba da bashin gina gida. A Amurka kuwa kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen unguwa yake fitowa. Unguwar da gidajenta ba su da daraja, makarantarta ma haka za ta tashi. Ƙididdigar Babban Bankin Amurka ta 2022 ta nuna matsakaicin dukiyar gidan farar fata ta kai kimanin dala 285,000, ta gidan baƙar fata kuwa kimanin dala 45,000.

Amma kotu ba ta taɓa amincewa da hujjar biyan bashin nan ba, kuma a ganina nan ne ginin ya fara tsagewa tun daga tushe. Makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta ware gurabe 16 cikin 100 ga tsiraru. Wani injiniya farar fata mai suna Allan Bakke ya nema a 1973 da 1974 aka ƙi shi, alhali makinsa ya fi na wasu da aka ɗauka ta wancan kaso. Ya kai ƙara. A 1978 alƙalai tara suka rabu huɗu da huɗu, Mai Shari'a Lewis Powell ya tsaya a tsakiya. Ya ce ware kaso haram ne, a ba Bakke gurbinsa. Ya ce kuma jami'a ba ta da hurumin gyara zaluncin da al'umma gaba ɗaya ta yi a baya. Abin da kawai ya halatta shi ne jami'a ta duba launin fata a matsayin abu ɗaya cikin abubuwa da dama, domin aji mai mutane iri-iri ya fi amfani ga karatun kowa. Ya ma ba da misali da tsarin Harvard a matsayin abin koyi.

A lura da abin da ya faru a nan. Daga ranar, yaron da kakanninsa suka yi bauta ba a ba shi gurbi don an ci amanar gidansu ba. Ana ba shi ne, a idon doka, don zamansa a aji zai ƙara wa sauran ɗalibai wayewa. Hujja ce mai rauni, kuma jami'o'i sun shekara 45 suna dafe da ita saboda ita kaɗai aka bar musu. Da Roberts ya zo a 2023 ya tambaya: ta yaya kotu za ta auna wannan amfanin, kuma yaushe za a ce an kai gaci? Lauyoyin jami'o'in ba su da amsa mai gamsarwa, domin tambayar ta fi dacewa da hujjar da aka tilasta musu fiye da ainihin dalilin da ya sa aka fara abin.

Tsakanin Bakke da 2023 an yi ta kai da komowa. A 2003 aka yanke shari'u biyu kan Jami'ar Michigan rana ɗaya. Sashen digirin farko yana ba duk ɗan tsirarun da ba su da yawa a jami'ar maki 20 kai tsaye cikin 150, kotu ta ce wannan ya yi kama da kaso, ta soke. Makarantar koyon lauya kuwa tana duba kowane mutum ɗaya bayan ɗaya, aka bar ta da ƙuri'a 5 da 4. Mai Shari'a Sandra Day O'Connor ta rubuta a lokacin cewa tana sa ran nan da shekara 25 ba za a ƙara buƙatar irin wannan fifiko ba. Shekara 20 aka yi. A 2016 ma tsarin Jami'ar Texas ya tsallake rijiya da baya a ƙarar Abigail Fisher, wata farar fata da jami'ar ta ƙi ɗauka.

Mutumin da ya tsaya wa Fisher, Edward Blum, ba lauya ba ne, tsohon dillalin hannun jari ne da ya mai da kai ƙara irin wannan aikinsa. A 2014 ya sauya dabara. Maimakon ya nemi farar fata mai ƙorafi, sai ya kafa ƙungiya ya shigar da ƙara da sunan ɗalibai 'yan asalin Asiya, waɗanda su ma tsiraru ne, su ma an taɓa zaluntarsu a ƙasar. Wannan ne ya sa shari'ar ta yi wa masu goyon bayan tsarin wuyar karewa. Da aka tono bayanan Harvard na shekara shida, sai aka ga 'yan Asiya sun fi kowa a lambar karatu da ta ayyukan wajen aji, amma a lambar halayya, wadda ta ƙunshi abubuwa irin su kirki da jarunta da farin jini, su ne a ƙasa. Alƙaliyar kotun tarayya a Boston, Allison Burroughs, ta yanke a 2019 cewa ba ta ga shaidar nuna wariya da gangan ba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncinta a 2020. Ni dai ina goyon bayan a tallafa wa wanda aka danne, amma ba zan iya kawar da kai daga wannan lamba ta halayya ba. Yaron da iyayensa suka zo daga Vietnam ko China suna aikin wanki da guga dare da rana, ya yi karatu tuƙuru, sannan wani da bai taɓa ganinsa ba ya rage masa maki a kan hali, yana da haƙƙin ya yi fushi. Tarihi ma bai taimaki Harvard ba. A shekarun 1920, lokacin shugabancin Lawrence Lowell, da Yahudawa suka fara yawa a makarantar saboda ƙoƙarinsu, ta hanyar auna hali da asali aka bi aka rage su.

Sai dai shari'ar ta tono wani abu da ya fi wannan girma, kuma hukuncin bai taɓa shi ba. Akwai rukuni huɗu da Harvard ke ɗaga wa ƙafa: 'yan wasan da aka zawarto, da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da 'ya'yan malamai da ma'aikata, da waɗanda sunansu ke cikin wani jeri na musamman da ya ƙunshi 'ya'yan masu ba makarantar manyan kyaututtuka. Masanin tattalin arzikin da ya yi wa masu ƙara aiki, Peter Arcidiacono na Jami'ar Duke, shi da abokan aikinsa suka gano cewa kashi 43 cikin 100 na fararen ɗaliban da aka ɗauka daga wannan rukunai suka fito. A cikin baƙaƙe da 'yan Asiya da 'yan asalin Latin Amurka kuwa abin bai kai kashi 16 ba. Ɗan tsohon ɗalibi yana samun gurbi a kusan sau ɗaya cikin uku, a lokacin da sauran masu nema ke fama da kusan 6 cikin 100. Wani binciken da Raj Chetty da abokansa suka fitar a 2023 ya nuna ɗan gidan da ke cikin kashi 1 mafi arziki ya ninka ɗan matsakaicin gida damar shiga waɗannan manyan makarantu fiye da sau biyu, ko da makinsu ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki. In cancanta zalla ake nema, wannan ƙofar bayan ce ya kamata a fara toshewa, domin ita ce ke miƙa gurbi daga uba zuwa ɗa tun zamanin da baƙar fata ba ya ma iya cike fom. Dokar kare daidaito ta hana bambanci kan launin fata, ba ta hana bambanci kan arzikin iyaye ba, shi ya sa kotu ta wuce ta bar shi. Wasu sun gyara da kansu: makarantun Johns Hopkins da Amherst sun daina fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, jihohi irin su Colorado da Virginia da Maryland da Kalifoniya kuma sun yi doka a kai.

Masu adawa da tsarin ba farar fata kaɗai ba ne. Mai Shari'a Clarence Thomas, baƙar fata ne da ya tashi cikin talauci a Jojiya, ya daɗe yana cewa fifikon yana shafa wa duk baƙar fatar da ya yi nasara kashin kaji, kowa na kallon takardarsa da shakku. Ya ba da labarin yadda ya sha wuyar samun aiki da digirinsa na lauya daga Yale. A gefe guda Mai Shari'a Sonia Sotomayor, wadda ta tashi a gidajen talakawa na Bronx da ke New York ta je Jami'ar Princeton, ba ta ɓoye cewa tsarin ne ya buɗe mata ƙofa, ita kuma ta shiga ta fita da sakamako mafi daraja. Jama'ar gari ma ba su tare da jami'o'in. Ko a Kalifoniya, jihar da ake ganin ta fi sassauci, an jefa ƙuri'a a 2020 kan a dawo da tsarin, kashi 57 suka ce a'a.

Kalifoniyar ce ta nuna wa kowa abin da ke biyo baya. Ta haramta tsarin tun 1996 ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, kuma da dokar ta fara aiki a 1998 adadin baƙaƙe da 'yan Latin da aka ɗauka a Berkeley da UCLA, manyan rassan Jami'ar Kalifoniya, ya faɗi warwas. Jami'ar ta shaida wa Kotun Ƙoli cewa ta kashe sama da dala miliyan 500 wajen bin makarantun talakawa da shirye-shiryen share fage, amma ba ta cike giɓin ba. Texas ta bi wata hanya a 1997: duk wanda ya fito cikin kashi 10 na farko a sakandarensa yana da gurbi a jami'ar jiha. Dabarar ta yi ɗan tasiri, sai dai tasirin ya dogara ne ga cewa su kansu makarantun sakandaren a rabe suke, wannan ta baƙaƙe, waccan ta farare.

Ajin farko da aka ɗauka bayan hukuncin ya shiga a 2024, kuma sakamakon bai zo iri ɗaya ba. A MIT baƙaƙen ɗalibai sun sauko daga kimanin kashi 13 zuwa 5, 'yan Asiya suka haura zuwa 47. A Amherst daga 11 zuwa 3. A Harvard daga 18 zuwa 14. A Yale kuwa adadin bai motsa ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne tagar da Roberts ya bari: ɗalibi yana iya rubuta yadda launin fatarsa ya shafi rayuwarsa, ta fuskar wariya ko ƙwarin gwiwa, jami'a kuma ta yi la'akari da shi, muddin abin da za ta saka wa shi ne juriyar ko basirar da labarin ya nuna, ba launin kansa ba. Ya kuma gargaɗi makarantu kada su dawo da abin da aka hana ta wannan taga. Da yawa sun ɓoye akwatin launin fata daga idon masu tantancewa, suka sauya tambayoyin rubutun. Abin da ke damuna a nan shi ne nauyin ya koma kan yaro ɗan shekara 17. Yanzu shi ne zai zauna ya tona ciwon gidansu a takarda, kuma wanda ke da mai koya masa yadda ake tsara irin wannan rubutu shi ne dai ɗan mai hali.

Maganar ta shafe mu ta hanyoyi biyu. Ta farko, 'yan Afirka sun ci moriyar tsarin sosai. A 2004 malaman Harvard biyu baƙar fata, Lani Guinier da Henry Louis Gates, sun ja hankali cewa mafi yawan baƙaƙen ɗaliban makarantar waɗanda suka yi ƙaura ne daga Afirka da tsibiran Karibiyan, ko 'ya'yansu, ko ruwa biyu, ba jikokin bayin Amurka ba. Ɗan likita ɗan Najeriya da aka haifa a Houston yana cike akwati ɗaya da ɗan manomin Mississippi, alhali tarihinsu ba ɗaya ba ne. Da hujjar biyan bashi aka riƙe, da an bambance su. Hujjar aji mai launi iri-iri ba ta damu da wannan ba. Shi kuwa ɗalibin da ke nema daga Kano ko Yamai, a rukunin ɗaliban ƙasashen waje ake lissafa shi, ba a rukunin launin fata ba, don haka abin da ya fi yanke masa hukunci shi ne kuɗin makaranta da tallafi da biza.

Ta biyu, mu ma muna da namu. Jami'o'in tarayyar Najeriya suna raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da makarantar, 20 ga jihohin da aka ce sun koma baya a ilimin boko, waɗanda galibinsu na Arewa ne, tare da irin su Bayelsa da Ebonyi. Wannan kaso ne ƙarara, irin wanda Powell ya haramta tun 1978, kuma mu kundin tsarin mulkinmu ya amince da raba daidai tsakanin jihohi tun 1979. Ina ganin yana da hujja, domin boko ya riga shiga Kudu da shekaru masu yawa. Amma ciwon da ke Harvard yana nan a gida. Wa ke cin kason jihar da ta koma baya? Sau da yawa yaron da ya yi makarantar kuɗi a Abuja ko Kaduna ne, ya je ƙaramar hukumar kakansa ya karɓo takardar shaidar asali. Ɗan ƙauyen da aka yi kason dominsa bai gama firamare da iya karatu ba, balle ya kai ga zana JAMB.

A Amurka dai ƙurar ba ta lafa ba. Hukuncin 2023 ya tsame makarantun horar da hafsoshin soja irin su West Point, bisa cewa nasu yanayin daban ne, amma a 2025 gwamnatin Donald Trump ta sa su ma suka daina duba launin fata, ta kuma nemi jami'o'i su riƙa miƙa mata bayanan waɗanda suka nema da waɗanda suka ɗauka. Ƙungiyar Blum kuwa tun a Satumban 2024 ta rubuta wa Yale da Princeton da Duke tana tambayarsu yadda aka yi kason 'yan Asiya ya ragu a wurinsu bayan hukuncin, ta kuma ce su adana takardunsu.